Hannun Roba a Falon Mama

"Goma bisa goma," in ji Yaya, ya dangwara jan biro a kan kwalin. "Nisa daga gida, minti ashirin a mota. Ta Gida ta cinye wannan layin."

"Yaya, nisa ai ba darasi ba ne. Ba a koyar da shi a aji."

"Ni ke ba da makin ko ke?"

"Kai ne."

"To ki yi min shiru. Ta Dawa, awa goma sha ɗaya a hanya. Sifili. Don ma ni ba na ba da ƙasa da sifili."

Na ci gaba da murza gefen mayafina.

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san Yaya. Sababbin zuwa kuwa, bari in faɗa muku: yayana malamin lissafi ne a sakandare, irin mutumin da ko shayi ka haɗa masa sai ya ba ka maki. Ni ce auta a gidan. Jami'o'i biyu ne suka ba ni gurbin karatun digirin aikin jinya, ɗaya a garinmu, ɗaya can wata uwa duniya. Yaya ne ya raɗa musu suna, Ta Gida da Ta Dawa, sunan kuma ya bi su har Baba ma haka yake kiransu. Ranar Alhamis ce. Ƙarfe shida daidai na yamma shafin karɓar gurbi zai rufe, kuma ɗaya kawai ake dannawa. Wadda ka bari ta tafi ke nan.

Tun ranar Litinin Yaya ya cire tsohuwar kalanda daga bango, ya juya bayanta, ya ja layuka da rula. Kowane layi da abin da yake aunawa. Amincewar hukumar kula da aikin jinya: duka biyun suna da ita, goma goma. Shekarun karatu: biyar biyar, kunnen doki. Gini: Ta Gida sabuwa fil, tayil har bango, fanka na juyawa a kowane aji, Ta Dawa kuwa a hotonta ma fentin ya koɗe. Yawan ɗalibai a aji: Ta Gida arba'in, Ta Dawa sun haura ɗari. Ɗakin kwana: a Ta Gida gadona ne na gida da matashina mai fulawa, a Ta Dawa mutum shida a ɗaki da layin ɗibar ruwa.

"Saura sakamakon jarrabawar lasisi," na ce a hankali. "Ta Dawa kusan kowa na ci."

"Na ba ta takwas."

"Ta Gida fa? Ba su ma yaye kowa ba tukuna, shekararsu huɗu da buɗewa."

"Na ba su bakwai."

"Bakwai na me, Yaya?"

"Na kyakkyawan zato."

Mama ta tuntsire da dariya daga inda take goge kofunan gilashi, waɗanda ba a fito da su sai babban baƙo zai zo. Ta sha doguwar rigarta mai ruwan zuma, ta ɗaura ɗankwalin da ya shiga da ita, falon sai ƙamshi yake. Ta canza rigunan kujeru, ta shimfiɗa sabon mayafin tebur mai geza wanda tun da aka saya yake cikin leda.

"Auta, ki daina wahalar da yayanki," ta ce. "Magana ta ƙare. Ni ban haifi 'yar da za ta tafi inda in ta yi zazzaɓi sai na kwana a hanya kafin in taɓa goshinta ba. Ga babanki, wa ya san ƙa'idar magungunansa in ba ke ba? Sannan ga yaron nan. Ke kina ganin namiji zai zauna shekara biyar da waya a kunne? Ki yi karatunki a nan, ki dawo gida da yamma, maganar aurenku ta tafi yadda ake so."

Yaron nan shi ne Injiniya. To, a nan sai kun yi haƙuri in koma baya kaɗan, don in ban gaya muku yadda na san shi ba, ba za ku gane abin da ya yi mana a falon nan ba.

Bara Baba ya kwanta asibiti, ƙirjinsa ne. Sati uku ina zaune a kujerar roba gefen gadonsa. A nan na ga matar da ta juya min rayuwa ba ta ma sani ba. Nas ce, gajeriya, ba ta da yawan magana, da ɗan agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta. Kowa Sista yake ce mata, ni kuma a raina Sista Mai Agogo. Wata rana da hantsi ta zo wucewa, ta kalli Baba, ta tsaya cak. Na'urar da aka maƙala masa a yatsa tana nuna komai lafiya, lambobi kore shar. Har na ce mata, "Sista, ai da sauƙi, dubi injin." Ko kallon injin ba ta yi ba. Leɓensa ta kalla. Ta ɗaga hannunsa ta duba farcensa, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, idonta a kan agogon nan, bakinta na motsi. Sai ta ce, cikin sanyin murya kamar mai tambayar gishiri, "Ƙanwata, je ki kira min likita. Ki yi sauri, amma kar ki yi gudu, kar babanki ya tsorata."

Injin ne ke ƙarya. Da an biye masa, wallahi ban san ko yau ina da uba ba.

Bayan komai ya lafa, na ga Sista ta cire na'urar, ta yago takarda ta yi rubutu mai tsawo, ta ɗaure mata da zare. Washegari wani dogon mutum ya shigo da jakar kayan aiki, aljihun rigarsa cike da sukundireba, ya ɗauki na'urar, ya karanta takardar, ya yi murmushi shi kaɗai. Ni kuma bakina ba ya shiru. Na ce, "Malam, me aka rubuta da har ya ba ka dariya?" Ya nuna min. Ta rubuta ƙarfe nawa abin ya faru, abin da injin ya nuna, abin da ita ta ƙirga da yatsunta, har da cewa wayar na ɗan motsi a gindi. Ya ce, "Yawanci kalma biyu ake rubuto min: ya lalace. Wannan kuwa ta gama min rabin aikin." Na yi masa tambaya ta biyu, ta uku, ta goma. Tun ranar yake ce min Mai Tambaya. Gyaran injinan asibiti ne aikinsa, yau yana wannan gari, gobe yana wancan.

A ranar na san abin da nake so in zama. Daga baya na tambayi Sista inda ta yi karatu. Kun riga kun canka. Ta Dawa.

Amma bari in faɗa muku gaskiyar da ban faɗa wa kowa a gida ba: ni matsoraciya ce. Ina son Ta Dawa kamar raina, amma na fi tsoron hawayen Mama, kuma na fi tsoron wata rana in buɗe waya in ga Injiniya ya gaji. Shi ya sa da safiyar Alhamis ɗin, ina shanya a bayan gida, na tura masa saƙo.

"Na yanke. Ta Gida zan danna. Ka ji daɗi?"

Na sa hoton zuciya guda uku. Na jira ya turo min goma.

Abin da ya shigo shi ne: "Kar ki danna komai tukuna. Zan zo ƙarfe huɗu. Ina tafe da baƙo."

"Wane baƙo?"

"Za ki gan shi. Ba ya magana, ba ya cin komai, kar a wahala."

Kuskurena ɗaya, na karanta wa Mama rabin farko na saƙon. Tana jin kalmar baƙo ta ajiye tsintsiya. "Kawunsa ne zai kawo! Na faɗa miki yaron nan da gaske yake. Ya ji za ki zauna, ya ga babu amfanin jan lokaci." Ragowar saƙon ko saurara ba ta yi ba. Dalilin kofunan gilashi ke nan. Baba ma an sa shi ya canza riga, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga yana ƙamshin turare, yana ta tambaya ko hularsa ta zauna daidai. Ni kuma Mama ta sa na cire rigar gida na sa shuɗiyar doguwar rigata mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa farin mayafi, har kwalli ta sa min da hannunta.

Huɗu da minti goma aka yi sallama.

Shi kaɗai ne. Farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, amma ga baƙin mai kaɗan a gefen babban yatsansa, wanda ba ya taɓa fita. A kafaɗarsa wata doguwar baƙar jaka. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya ba Yaya hannu. Ni ko kallona bai yi sosai ba, amma na ga kunnensa ya motsa, kuma na san ma'anar hakan: murmushi yake ɓoyewa.

Mama sai leƙen ƙofa take. "Ɗana, baƙon fa? Ko yana ajiye mota?"

"Ai ga shi nan, Mama."

Ya ɗora jakar a kan sabon mayafin tebur mai geza, ya ja zif, ya zaro hannun mutum.

"Innalillahi!" Mama ta yi baya, kofi ya kusa suɓuce mata. Yaya, malamin lissafi guda, sai ga shi a bayan kujera, jan biro a hannu kamar makami. Baba ne kawai bai motsa ba, ya gyara tabarau ya ce, "Ikon Allah. Na waye?"

"Na roba ne, Baba. A gafarce ni, ya kamata in yi bayani tun farko."

"Ya kamata kam!" in ji Yaya daga bayan kujera. "Sukundireba, kai haka ake zuwa gidan mutane?"

Ni dariya ta kama ni har kwallina ya fara zuba, amma da na matso na kalli abin sai dariyar ta tsaya. Hannu ne daga kafaɗa zuwa yatsu, da jijiyoyi a kwance a ƙarƙashin fatar kamar na gaske. Fatar kuwa ba masaka tsinke. Huji ne a jikin huji, daga gwiwar hannu har bayan tafi, wani wurin ya yi baƙi, wani wurin ya fashe an manne da filasta.

"Wannan shi ɗalibai ke koyon neman jijiya da sa allura a kansa," ya ce. "Daga Ta Dawa na ciro shi watan jiya, na sa musu sabo. Zubar da shi za a yi, na roƙa aka bar min. Wata shida kawai ya yi a wurinsu."

"Wata shida?" Na ji muryata ta fita ba da izinina ba.

"Wata shida. Sau biyu a shekara nake canza musu. Ɗakin gwajinsu tsoho ne, rufin ma yana ɗiga ta gefe ɗaya. Amma a buɗe yake daga safe har yamma, kuma akwai wata tsohuwar nas da ke zaune a ƙofa da rajista. Ɗalibi ba ya kusantar hannun ɗan adam da allura sai ta sa masa hannu sau arba'in a kan roba. In ta ga ka riƙe allurar a karkace, sai ta soke ranar gaba ɗaya ka dawo gobe. Ɗaliban suna kuka da ita, amma in sun gama su ne ke dawowa gaishe ta. Daga shekara ta biyu kuma ta ƙaramar ƙofar katanga suke bi su shiga asibitin koyarwa, kullum, suna bin manyansu gado gado."

Ya ciro waya, ya miƙa wa Baba. Muka taru a kai, har Mama, duk da tana tafe tana kauce wa teburin.

"Wannan kuma ɗakin gwajin Ta Gida ne. Su ma ni nake duba musu kaya."

Kai, ɗakin ya haɗu. Fitilu, gadaje shida, a kowane gado mutum-mutumin roba a kwance an ja masa farin zane. Irin na zamani, masu numfashi da ƙifta ido.

"To ka gani!" Yaya ya fito daga maɓoyarsa. "Kayan aiki, goma bisa goma. Na ma manta ban sa layin ba."

"Yaya, ka matso da hoton. Dubi hannuwan."

Yaya ya ja hoton da yatsu biyu. Leda ce. Tun ta kamfani. Ba a ma yage ta ba.

"Shekara uku ina zuwa," in ji Injiniya. "Ban taɓa canza fata ko ɗaya ba. Sai in goge ƙura, in gwada batir, in sa hannu in tafi. Makullin ɗakin yana wurin mutum ɗaya, ana buɗewa in manyan baƙi za su zo. Tsoro suke kar yara su lalata kaya masu tsada."

Agogon bango ya nuna biyar saura kwata.

"Ban ce mutanen banza ba ne," ya ƙara da sauri. "Wallahi akwai malamai masu ilimi a can, na san wasunsu, suna faɗa a kan maganar makullin nan. Ajinsu ƙarami ne, malami zai san sunan kowa. Nan da wasu shekaru za su iya zama abin kwatance. Amma ita yanzu za ta shiga, ba nan da wasu shekaru ba. Ni ban san karatun jinya ba, Baba. Inji na sani. Kuma inji ba ya ɓoye yadda aka yi amfani da shi."

Na sa yatsana a kan fatar robar. Kaushi gare ta kamar bayan soso. Na yi ƙoƙarin ƙirga hujin da ke wuri ɗaya, na kai ashirin na rikice.

"Duk wannan kuskure ne?" na tambaya.

"Yawanci. Amma kowane ɗaya kuskure ne da ba a yi shi a jikin mutum ba."

A nan ne Baba ya yi abin da ban zata ba. Ya ajiye wayar, ya fara naɗe hannun sabuwar rigarsa a hankali, har gwiwar hannu. Ya juya shi wajen hasken taga. Tabon yana nan, ƙanana ƙanana, sun yi duhu.

"Ranar da aka kwantar da ni," ya ce, "sau bakwai wata yarinya ta soke ni tana neman jijiya. Tana yi tana ba ni haƙuri, hannunta na rawa, ita kuka ni kuka. Ban ji haushinta ba, ba a koya mata ba ne. Sai gajeriyar nan mai agogo ta zo. Ta shafa wurin sau ɗaya, ta ce min, Baba, kalli taga ka gaya min launin motar can. Kafin in ce fara, har ta manna filasta." Ya sauke hannun rigar. "Ni dai abin da na sani ke nan."

Mama ta ajiye kofin hannunta da ƙarfi. Idonta ya kawo ruwa, kuma in idon Mama ya kawo ruwa, faɗa ne ke biyowa.

"Ɗana, tsaya in tambaye ka. Kai da na ɗauka kawunka za ka kawo min, sai ka kawo min wannan abin tsoro don ka kore min 'ya daga gida? Kai ba ka son ta ne? Wane irin mai so ne zai ce a kai abin sonsa awa goma sha ɗaya?"

Wallahi tambayar da ke raina ke nan tun da ya zaro hannun. Na sunkuyar da kai ina kallon duwatsun wuyan rigata.

Injiniya ya kalli hannunsa. Ya murza baƙin man nan na yatsansa.

"Mama, da safe da ta ce min Ta Gida za ta danna, sai da na yi murna. Ba zan ɓoye ba. Na yi minti biyar ina murna a cikin mota. Sai na tuna yadda take tsayawa a bayan Sistar nan a asibiti, tana kallon hannunta kamar mai kallon abin mamaki. Na san saboda wa ta canza. In na yi shiru, na san abin da ke cikin ledar nan kuma na yi shiru, to nan da shekara goma duk ranar da hannunta ya yi rawa a kan majiyyaci, ni ne. Gara in yi kewarta da in cuce ta tana min godiya."

Ni dai ban san lokacin da hawaye ya wanke sauran kwallin ba. Ku gaya min, 'yan uwa, ina ake samun irin wannan mutum? Wasu turare ake kawo musu, wasu agogo. Ni hannun roba mai huji dubu aka kawo min, kuma ban taɓa jin an so ni kamar ranar ba.

Yaya ya yi gyaran murya. Ba ya iya zama cikin irin wannan yanayi, sai ya ɓata shi.

"Tsaya, Sukundireba. Ka ce sau biyu a shekara kake zuwa can?"

"Eh."

"Ashe da biyu! Kai kana da hanyar zuwa, mu ne za a bari da kewa."

"Kwana biyu nake yi kowane zuwa, Yaya. Kwana huɗu a shekara. A nan kuwa kullum zan iya wucewa ta layinku in ce taya ce ta yi faci. Kai ne malamin lissafi."

Yaya ya jawo kalandar gabansa. Ya kalli kwalinsa, ya kalli hannun robar. Sai ya ɗauki rula, ya ja sabon layi a can ƙasa, inda ba wuri sosai. Na leƙa. Ya rubuta: Huji. Bai sa maki ba. Ya mayar wa biron murfinsa.

"Maganin babanta fa?" in ji Mama. "Fari da safe, rabin ja bayan abinci, wancan ƙaramin ranar da ƙafa ta kumbura. Ni rikicewa nake."

"Ni jariri ne?" in ji Baba. "In ma na rikice, ga mai kwali nan. Ya ja min layi ya riƙa ba ni maki."

Ba wanda ya yi dariya sai Baban da kansa.

Mama ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwali. Ta kalle ni ido cikin ido, irin kallon da tun ina ƙarama yake sa in ajiye duk abin da na ɗauka.

"To ki ji, Auta. Ba zan ɗaure ki ba. Amma in kin tafi, ni ba zan riƙe wa kowa alkawari ba. Ba zan zauna shekara biyar ina ba mutanen yaron nan haƙuri ba. In ya jira, don kansa. In ya ga wata ya tafi, kar ki zo min da kuka. Kuma kar ki ce na sa miki hannu, don ban sa ba."

Na juya wajen Injiniya. Na so ya ce zan jira. Na so ya rantse, ya daki ƙirji, ya faɗi irin maganganun da ake faɗa. Bai ce komai ba. Kansa a ƙasa, hannuwansa a kan gwiwa. Daga baya na gane: ba ya so ya sa min nauyi ko ta wannan gefen. Ya kawo abin da ya sani, ya ajiye a tebur, ya ja baya.

Biyar da rabi ta wuce. Wayata tana kan talabijin inda na sa ta caji.

"Auta," in ji Baba. "Tun Litinin kowa ke magana a gidan nan. Yayanki ya yi, mamanki ta yi, ni na yi, har roba ta yi. Ke kaɗai ba mu ji ba."

Na tuna gadona da matashina mai fulawa. Na tuna mutum shida a ɗaki da layin ruwa, da tsohuwar da ke soke wa mutum rana guda saboda allura ta karkace. Na tuna saƙonnin safe da za su iya raguwa, daga goma zuwa biyu, daga biyu zuwa shiru. Sai na tuna yatsu biyu a wuyan hannun Baba, da ƙaramin agogo, da muryar da ta ce ki yi sauri amma kar ki yi gudu.

Na ɗago don in kalli Mama in ba ta haƙuri, sai na ga abin da har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya cika. Ta koma ta zauna a gefen tebur. Matar da ɗazu ta kusa fasa kofi don tsoro, ga yatsanta a kan hannun robar, tana bin hujin ɗaya bayan ɗaya, a daidai wurin da tabon Baba yake. Fuskarta a ɗaure take tamau. Amma ba ta ɗauke yatsan ba.

Na miƙe. Mayafina ya zame, ban gyara ba.

"Mama, ki yafe min, na san ba ki sa hannu ba. Baba, na gode. Injiniya, ban ce ka jira ni ba, ba ni da wannan hurumin. Amma baƙon nan naka a gidan nan zai zauna, ka bar min shi." Na ɗaga muryata yadda kowa zai ji. "Ta Dawa zan tafi. Yaya, miƙo min wayata."